Dala ce uwar unguwannin Kano, ko akwai mai ja?

Sadauki_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san maganar nan za ta tayar da ƙura, amma a yi haƙuri. Ni dai a wurina duk cikin ganuwa babu unguwar da ta kai Dala tsufa, kuma ba a ba ta haƙƙinta. Kullum in za a nuna Kano a talabijin, daga Gidan Rumfa sai marinar Ƙofar Mata sai hawan daushe. Alhali tun ba a san za a yi sarki a garin nan ba akwai mutane a gindin dutsen suna haƙar tama suna ƙira. Wanda yake da ja, bisimilla, amma ya zo da hujja, ban da hayaniya.

DanKurmi:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin musu ba ne. Ko yaron firamare ka tambaya zai ce maka Dala, Barbushe, Tsumburbura.

Almajirin_Madabo:
Malam Sadauki, da sauƙi dai. Dutse daban, unguwa daban. Babu mai musun cewa an fara zama a gindin Dala, amma mutanen Barbushe ina zuriyarsu a unguwar yau? Wane gida za ka nuna ka ce nan ne nasu? Mu a Madabo za mu nuna maka masallaci, mu nuna maka zauren karatu, mu lissafa maka malamai ɗaya bayan ɗaya, kuma sarautar Babban Malami na Madabo tana nan ba ta yanke ba. Unguwa mutane ce da abin da suka riƙe. In dai unguwar da ta ɗore da sunanta da aikinta ake nema, to a zo a yi magana da mu.

Tarihi_Zalla:
Bari in ɗan shimfiɗa abin da yake a rubuce, sai kowa ya ɗauki nasa.

Yawancin abin da muke maimaitawa game da Dala daga littafin Tarihin Kano yake, wanda aka rubuta da Larabci, labarinsa ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, wato ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature mai suna Palmer ya fitar da shi da Turanci a 1908, daga baya aka sa fassarar Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A can ne aka ce Dala sunan mutum ne da ya zo ya gina gida a kan dutsen, Barbushe kuwa daga zuriyarsa yake. Barbushe shi kaɗai yake shiga wurin gunkin Tsumburbura, wata bishiya da aka kewaye da katanga, kuma ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. Mutane su zo daga ko'ina da baƙin kare, baƙar kaza, baƙin bunsuru.

Abin da ya fi jan hankalina ba ma tsafin ba ne. Littafin ya lissafa manyan mutanensa da sana'o'insu: Gijigiji maƙeri, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Maguji mai haƙar tama da narka ta, akwai mai gadin gari da dare, akwai makaɗi, akwai maharbi. Wurin da har ya kai ga raba aiki haka ya wuce zaman 'yan bukkoki. Kuma masu haƙar kayan tarihi sun samu ragowar matoyar ƙarfe a Dala wadda awo ya nuna ta kai ƙarni na 7 Miladiyya. Bagauda kuwa, sarkin Kano na farko, a lissafin Palmer shekarar 999 ya zo. Ka ga tsakani akwai shekara ɗari uku da wani abu.

Sadauki_Gwammaja:
Allah ya ƙara sani, Malam Tarihi. @Almajirin_Madabo ka ji ko? Ƙarni na 7. Lokacin Wangarawanku, malaman da kuke taƙama da su a Madabo, ko haramar barin Mali ba su yi ba.

Almajirin_Madabo:
Na ji, matoya aka samu. Ni kuma na ce a nuna mini gida.

Bazazzagi_Asali:
Kanawa ke nan. An taru ana rigima a kan wanda ya riga wani bauta wa bishiya. Ku zo Kufena da Turunku ku ga tsufa, mu ba ma ma faɗa.

DanKurmi:
Kai Bazazzagi, wa ya kira ka? Manya na magana bawa ya sa baki. Je ka ka kawo mana ruwa.

Bazazzagi_Asali:
Ubangidanka dai. Ku ci gaba, ina saurare.

Hajiya_Yalwa:
Ni ban yi karatun tarihi ba, amma a Yalwa aka haife ni, a nan na yi wayo, dutsen nan muna ganinsa daga tsakar gida. Abin da zan ce, duk wanda bai ga Takutaha a da ba bai san Dala ba. Kwana bakwai bayan Mauludi, ranar suna, tun da hantsi za ka ga yara da 'yanmata an ci ado ana tururuwa, daga Gwammaja, daga Adakawa, daga Madigawa, har daga bayan gari. A gida kuma an yi tuwo da miyar taushe ko waina, ana ta rabo gida-gida kamar sallah. Mu 'yanmata ɗinkin Takutaha daban yake da na sallah, in ba a yi miki ba ranar kuka za ki wuni yi. In kin hau can ƙololuwa ki juyo, garin duk jar ƙasa ne, soraye da zankwaye, ga kukoki ga dabino, kududdufai suna ƙyalli. Kakata takan hana mu kaiwa magariba a sama, ta ce wurin yana da masu shi. Mu dai ba mu taɓa ganin komai ba sai awaki.

AbuSumayya:
Hajiya, da girmanki, amma gaskiya a faɗe ta. Hawan dutsen nan ragowar al'adar maguzanci ce aka lulluɓe da sunan Mauludi. Ba ga shi Malam Tarihi ya faɗa ba, a nan ake taruwa wurin Barbushe? Ga cakuɗuwar maza da mata, ga 'yan shaye-shaye. Ni ban ga abin alfahari a ciki ba.

Hajiya_Yalwa:
Ɗana, ni da na hau ban yanka wa kowa kaza ba. Salati muke yi muna hawa, salati muke yi muna sauka.

Faqir_Tijjani:
AbuSumayya, kowane abu sai kun nemo masa maguzanci. Murna ce da sunan fiyayyen halitta, sallallahu alaihi wa sallam. In wasu ɓata-gari sun shiga ciki, gyara za a yi, ba rushewa ba.

Mai_Zaure (shugaban zaure):
Jama'a, a tsaya a kan tarihin unguwa. Maganar halacci da haramcin Mauludi an yi ta a nan ba sau ɗaya ba, ba ta ƙare ba, kuma ba yau za ta ƙare ba. Wanda ya sake komawa can zan goge.

Tarihi_Zalla:
To mu koma. @Almajirin_Madabo, maganarka tana da ƙarfi, amma akwai wani ƙulli a cikinta. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, kuma cikin sunayen da ya kawo akwai Mandawari da Sheshe, waɗanda yau sunayen unguwanni ne. Amma akwai wata takarda ta su Wangarawan kansu, Asalul Wangariyyin, ita kuma ta haɗa zuwan Shehu Zagaiti, wato shi Zaite ɗin, da zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, har ta ce sun haɗu da babban malamin nan Shehu Magili a Kano. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai kusan shekara ɗari. Ko wacce ka ɗauka, sun tarar da gari da ganuwarsa. Ganuwar tun Gijimasu, jikan Bagauda, aka fara ta a ƙarni na 12, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Dubi ƙofofin da aka ambata a aikin farko: Mazugal, Ƙofar Ruwa, Adama, Waika, Kansakali. Dala aka kewaye. Gidan Rumfa ma da ake ta nunawa, sai da aka faɗaɗa ganuwa ta kudu kafin ya zauna a cikin gari.

Almajirin_Madabo:
Allah ya gafarta Malam, ban ce mun riga ganuwa ba. Cewa na yi a Madabo abin da aka fara shi ake yi har gobe. Karatun Askari, littafin fiƙihun nan, da aka san unguwar da shi, daga Katsina, daga Zariya, daga Borno ana zuwa ɗauka. A Dala fa, wa yake narka tama yau?

Makerin_Zamani:
Narka tama kam an daina tun zuwan ƙarfen Turawa, tun da ga ragowar mota da na jirgin ƙasa a banza wa zai je ya yi ta fama da dutse da gawayi. Amma ƙira ba ta mutu ba. Mu gidanmu maƙera ne, kuma abin da muka taso muka ji shi ne labarin Abagayawa, cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama ya zauna kusa da Dala. Har yau akwai Sarkin Maƙera. Uwar maƙera da zugazugi da masaba da awartaki suna nan a zauren kakanmu, ko da yake ni yanzu walda nake yi, ƙofofi da tagogi. Don haka Malam na Madabo, in gida kake nema, ka zo in kai ka.

Almajirin_Madabo:
Wannan magana ce. Amma Abagayawa da mutanen Barbushe abu ɗaya ne? Don ruwayoyin ba su yi kama ba.

Makerin_Zamani:
Duk dai a gindin dutse ɗaya suka haɗu, kuma duk tama ce ta kawo su.

Ummu_Hanifa:
Ku kuna ta sarakuna da malamai. Ni tambayata gurasa. Me ya sa duk gurasar kirki sai an ce ta Jakara? Mijina ɗan Kaduna ne, ya ce wai ai burodi ne kawai da bai kumbura ba.

Hajiya_Yalwa:
Ki ce masa ya zo a yi masa bandashe da ƙuli da man gyaɗa da albasa, sannan ya maimaita. Gurasa daga Larabawa muka samo ta, su da alkaki da sauran kayan alkama. Matan wajen Jakara da Dandalin Turawa su suka gaje ta, a tanderu ake gasawa, tun asuba ake kunna wuta. Da can ba kowane gida ake cin alkama ba, abincin masu hali ne. Garar amarya in babu alkaki da nakiya da dubulan ai sai a yi ta gulmar uwar amarya har shekara.

Tarihi_Zalla:
Maganar Hajiya ta kawo mu wani wuri mai amfani. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya hau Dala ya zana garin daga sama, kuma da yake lissafa unguwanni ya ce Dala ce mafi tsufa, kuma ita ce gaba a kasuwanci domin a nan manyan attajiran Larabawa suke, galibinsu mutanen Gadamus. Wato shekara 170 da wani abu da suka wuce ma abin da Kanawa suke gaya wa baƙo ke nan. Sai dai ku lura da abin da wannan yake nufi: a lokacin, masu manyan gidaje a unguwar baƙi ne daga hamada. Wannan ya ɗan taimaki Almajirin_Madabo. Wurin tsoho ne, mutanen ciki kuwa sun yi ta sauyawa.

Sadauki_Gwammaja:
To ai duk Kano haka take. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa, Alfindiki, Sharifai, wace ce ba baƙi suka kafa ba? In sauyawar mutane tana rage wa unguwa shekaru, to babu tsohuwar unguwa a Kano gaba ɗaya.

Badamagare_Zinder:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu ma muna da irin wannan gardama tsakanin Birni da Zango. Birni nan fada take da ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, Zango kuma nan fatake da Buzaye suke sauka, kowa yana cewa shi ne gari. Amma Kanawa ku riƙa godiya, da sarkinmu Amadu Kuran Daga ya shigo muku, da yanzu Dala unguwa ce a ƙasar Damagaram.

DanKurmi:
Ya zo dai ya ga ganuwa ya juya. Ka gaishe shi.

DanZongo_Kumasi:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni a Kumasi aka haife ni, amma kakan babana daga Madigawa ya taso, fataucin goro ya kai shi Salaga, bai koma ba. Har ya rasu in an tambaye shi garinsu ba ya cewa Kano, sai ya ce gindin Dala. Mu da ba mu taɓa zuwa ba mun ɗauka wani ƙaton tsauni ne, don na karanta an ce mita 534. Da na zo bikin wani ɗan'uwa aka kai ni, kafin in gaji har na kai sama.

Injiniya_Sani:
Mita 534 ɗin daga saman teku ake aunawa, ba daga gindin dutsen ba. Birnin kansa ya haura mita 400. Shi ya sa.

Almajirin_Madabo:
@DanZongo_Kumasi, Salagar nan taku ma ta shiga tarihin unguwarmu. Shehu Muhammadu Salga a Madabo ya yi karatu, daga baya aka samu saɓani tsakaninsa da malaman Madabo a kan wasu al'adun da ake yi wajen mutuwa da sadakokinta, har aka samu Salgawa da Madabawa, aka yi ta rubuce-rubuce ana mayar wa juna martani. Ka ga irin abin da nake nufi da unguwa mai rai.

Magini_Tubali:
Ni duk wannan musu dariya yake ba ni, don nan da 'yan shekaru ba za ku samu abin nunawa ba, daga ku har su. Ni magini ne, gado na yi. Da, gida a cikin gari tubali ne da azara, a yi daɓe, a shafe da makuba, soro ya yi shekara ɗari in ana yi masa yaɓe duk bayan damina. Yanzu mai gida ya rasu, magada goma sha, babu mai iya sayen rabon sauran, sai a sayar wa ɗan kasuwa ya rushe ya yi shaguna ko sito. Zauren da aka yi karatu a ciki kaka da kakanni sai ka ga an mayar da shi wurin ajiye katan-katan na taliya. Kududdufan da Hajiya ta ce suna ƙyalli, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina unguwannin, kuma su suke shanye ruwan sama. An cike su da shara an yi gini a kai. Shi ya sa ruwa kaɗan sai lungu ya cika, gidan ƙasa ya jiƙa daga tushe ya zauna. Sai a ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Ba ginin ba ne, hanyar ruwan aka toshe.

Dutsen kansa ku je ku gani. Gidaje sun hau jikinsa, zaizaya tana cin gefe, ga bola. Ganuwa kuwa wani wurin sai an ce maka da a nan take.

Injiniya_Sani:
Gaskiya ne Baba Magini. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da Dala da Kurmi da gidan sarki a jerin wuraren da Najeriya take neman UNESCO ta amince da su, har yau a jerin jira suke. Wa zai amince maka da abin da kai kanka kake yanka filoti a kai?

Matashi_Kantudu:
Wani abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya mu matasan yankin shi ne, da ka ce daga Dala kake sai a kalle ka kamar ka ɓoye wuƙa a ƙugu. Na je neman aiki wani kamfani, mai tantancewar yana ganin adireshina ya ce, “A'a, ku ne 'yan daba.” Wasa ya yi, amma ban samu aikin ba. Ba a tuna cewa gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja yake, nan Mumbayya, ba a tuna asibitin ƙashi da ake zuwa daga ƙasashen maƙwabta. Daba akwai ta, ba mu musa ba, amma unguwa nawa ce babu?

Hajiya_Yalwa:
Allah ya ba ka wanda ya fi shi, ɗana. Da can yaro ba ya gagara, don duk dattijon da ke kan dakali ubansa ne. Yanzu ka tsawata wa ɗan wani sai uwarsa ta biyo ka da mayafi a hannu.

AbuSumayya:
A nan kam ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari.

Ummu_Hanifa:
Har yanzu ana tashe a wajen? Mu a nan sabuwar unguwa yara ba su ma san Nalako sarkin gwagware ba.

Matashi_Kantudu:
Ana yi Anti, daga goma ga azumi, sai dai ba kamar da ba, wasu shekarun ma hukuma takan hana saboda rigima. Amma gwauro har yanzu ba ya sakewa a lungunmu.

Bazazzagi_Asali:
To wai an gama? Wa ya ci?

Sadauki_Gwammaja:
Dala mana. Har Sarki Ibrahim Dabo da garuruwa suka yi masa tawaye, a kan Dala ya kafa sansani, Malam Tarihi ya gyara mini in ba haka ba ne.

Tarihi_Zalla:
Haka littafin ya kawo. Amma wannan ƙarni na 19 ne, kuma dutsen ya hau, ba unguwar ba. Ka sake ba Almajirin_Madabo makami da hannunka.

Almajirin_Madabo:
Na gode Malam. Ni dai ina nan a kan bakana. @Makerin_Zamani na karɓi gayyatar, ranar Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu. In na ga uwar maƙerar, sai kai ma ka biyo ni ka ga zaurenmu.

Makerin_Zamani:
Allah ya kai mu. Ka taho da Bazazzagin nan ya riƙe mana zugazugi.